Tambaya: ta yaya ƙananan RNA suke taimaka wa shuka ta jure zafi?

Dalibar_Tsirrai ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana kimiyyar tsirrai ku taimaka min. Ina karanta darasin yadda amfanin gona yake jure zafi, bangaren HSP din nan na gane shi, wato furotin da shuka take kerawa da yawa in zafi ya tsananta domin su rike sauran furotin kar su lalace. Amma da aka zo kan kananan RNA sai na tsaya cak. Wai wasu 'yan guntaye ne da tsawonsu bai wuce harafi 20 zuwa 24 ba, ba sa zama furotin, aikinsu kawai su toshe sakon wasu kwayoyin gado, to ta yaya abin da aikinsa hanawa ne zai zama shi ne mai taimako? Wanda ya fi daure min kai ma a cikinsu shi ne wani mai suna miR398, an ce in zafi ya zo karuwa yake yi, alhali furotin din da yake hana kerawa su ne masu share guba a cikin sel, to shuka tana cikin wahala kuma ita da kanta ta rage masu kare ta?? Tambaya ta biyu, wannan ilimin ya taba isa gona kuwa ko a dakin gwaji ya tsaya? Ngd.

MalamJinetiks ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar nan ta miR398 ita ce daidai inda ya kamata mutum ya tsaya, amma bari mu fara daga tushe.

Ɗauki DNA a matsayin ofis da ke ajiye da umarni, in ana son wani furotin sai a kwafi umarnin a takarda a aika wa masu ƙera shi, takardar nan ita ce mRNA. To ƙaramin RNA kamar mai gadi ne a bakin hanya riƙe da ɗan guntun rubutu, duk takardar da rubutunta ya dace da nasa sai ya sa a yaga ta ko a hana karanta ta. Shi kaɗai ba ya iya yanka komai, wani furotin ne mai suna AGO1 yake ɗauke da shi kuma shi ne mai yankan, ƙaramin RNA ɗin jagora ne kawai. Shi miRNA kuma, wato nau'in ƙaramin RNA irin su miR398 ɗin nan, daga ƙwayar gadonsa yake fitowa a matsayin dogon zare da ya naɗe kansa, wani furotin mai suna DCL1 ya yanko guntun mai harafi 21 galibi, wani kuma mai suna HEN1 ya rufe ƙarshensa don kar ya lalace da wuri, sannan a miƙa wa AGO1.

To ga amsar "ta yaya hanawa take zama taimako". Da yawa daga cikin saƙonnin da miRNA suke yagawa a tsirrai ba na ƙananan ma'aikata ba ne, na furotin ne masu ba da umarni ga ɗaruruwan ƙwayoyin gado, wasu daga cikinsu ma aikinsu danne wasu ne. In kika hana mai hanawa ai kin buɗe hanya. Sannan shukar da zafi ya kama ba ta da ƙarfin da za ta yi komai a lokaci guda, dole ta dakatar da girma da fitar da sabon ganye ta juya ƙarfinta wajen gyara, kuma saƙon da aka riga aka kwafa yana yawo a sel ba zai tsaya ba don kawai an rufe ofis, sai an bi shi an yaga. Amfanin ƙananan RNA kenan, suna da sauri kuma in sanyi ya dawo ana iya sassautawa.

Yanzu miR398. Saƙonnin da yake yankawa na CSD1 da CSD2 ne, da kuma CCS mai kai musu jan ƙarfen da suke aiki da shi, su kuma CSD aikinsu kawar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙuna da ake kira ROS. A shekarar 2006 an nuna cewa in shuka ta shiga matsin irin wannan guba miR398 raguwa yake yi don CSD su ƙaru, wannan kowa zai ce daidai ne. Sai a 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka suka nuna a Arabidopsis, 'yar ciyawar nan da ake gwaji da ita, cewa a zafi akasin haka ne, miR398 ya hau CSD suka sauka, kuma tsirran da aka sa musu CSD ɗin da miR398 ba zai iya yankawa ba su ne suka fi shan wahala a zafin, har da furanninsu. Bayanin da suka bayar shi ne ROS ba guba kaɗai ba ce, alama ce kuma, in ta ɗan taru ita take tayar da wasu furotin masu ba da umarni da ake kira HSF, su kuma HSF su ne masu kunna HSP ɗin da kika ce kin gane. Kuma wasu daga cikin HSF ɗin su ne suke kunna miR398 tun farko, kin ga abin zagaye yake yi yana ƙarfafa kansa. Shuka ba kashe masu kare ta ta yi ba, ta bar gubar ta ɗan hau ne na wani lokaci domin babbar kariya ta taso.

Ɗan tarihi don ki san ba tsohon ilimi ba ne sosai: a 1993 aka gano miRNA na farko a wata 'yar tsutsa, shi ya sa Victor Ambros da Gary Ruvkun suka samu kyautar Nobel a 2024, a 1999 Andrew Hamilton da David Baulcombe suka gano siRNA, wani nau'in ƙananan RNA ɗin daban, a tsirrai a Norwich ta Ingila, miRNA na tsirrai kuwa sai 2002 aka fara bayyana su.

Abokin_Manoma ya rubuta:

Malam Allah ya kara basira, bayani ya fita. Amma ni tambayarta ta biyu ce take ci min rai, don kullum Arabidopsis Arabidopsis, wa yake noma Arabidopsis? Asarar da zafi yake jawowa ba wasa ba ce, wani babban nazari da ya fito a 2017 ya kiyasta cewa duk karin digiri 1 a matsakaicin zafin duniya yana rage masara da kashi 7.4 cikin dari, alkama 6, shinkafa 3.2, waken suya 3.1, in ba a dauki wani mataki ba. Kuma tun 2004 cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta nuna a gonarta cewa karin digiri 1 a zafin DARE ma kawai yana tafiya da kusan kashi 10 na shinkafa a noman rani. Manomi ba ruwansa da ko dan tsiro mai kwana biyar ya rayu a faranti, hatsi yake so a zangarniya. Wlh ina tsoron kar yara masu kwakwalwa irin wannan baiwar Allah su kare shekarunsu a kan abin da ba zai zama iri ba.

Dr_Bununi ta rubuta:

Yaya Abokin Manoma damuwarka tana kan hanya, amma ban yarda da ƙarshen maganarka ba, kuma dalilina yana cikin abin da ka faɗa da bakinka, hatsi a zangarniya. Ina zafi ya fi yin ɓarna a hatsi? A fure ne, musamman ɓangaren namiji. Shinkafa in zafi ya haura digiri 35 daidai lokacin da furen yake buɗewa, ko da na ɗan lokaci ne, jakar garin furen ba ta fashewa yadda ya kamata, garin da ya fito ma ba ya tsira sosai, sai ka ga shuka kore shar ganye lafiya lau amma ƙwanso babu komai a ciki. To wannan jakar garin furen tana cikin wuraren da ƙananan RNA suka fi cika a duk jikin shuka, kuma wannan ba a Arabidopsis aka gano ba, a shinkafa da masara ne.

A jakar garin furen hatsi akwai wani rukuni da ake kira phasiRNA, miRNA guda ne yake yanka wani dogon RNA sai a bi shi ana daddatsawa daidai wa daida. miR2118 yana haifar da masu harafi 21 da wuri, miR2275 kuma masu harafi 24 wajen lokacin rabuwar sel ɗin da za su zama garin fure. A 2020 aka wallafa wani aiki a Amurka inda aka lalata DCL5 a masara, shi ne mai yanka masu harafi 24 ɗin. Me ya faru? Shukar ta girma ƙalau, amma a yanayin ɗumi da aka saba noman masara bununin bai yi gari mai amfani ba, da aka rene ta a wuri mai ɗan sanyi sai haihuwar ta dawo. Wato waɗannan 'yan guntayen suna cikin abin da yake riƙe namijin masara ya yi aiki a ɗumi. Ni a wurina wannan ya fi duk labarin ganye muhimmanci.

Kuma maganar ko ya taɓa isa gona, ya isa tun kafin a san sunansa ma. A 1973 wani mai kiwon iri a lardin Hubei na ƙasar Sin, Shi Mingsong, ya ga wata shinkafa da namijinta yake mutuwa in yini ya yi tsawo ya farfaɗo in yini ya gajarta, ita ce Nongken 58S, kuma daga ita aka samo iyaye mata da dama na shinkafar aure mai layi biyu, wato wadda ake samu ta hanyar haɗa nau'i biyu, wasunsu ma zafi ya fi juya su a kan tsawon yini. Sai a 2012 da 2016 aka gano cewa manyan wurare biyu a DNA da ke bayan wannan ɗabi'ar ba furotin suke ƙerawa ba, dogayen RNA ne da ƙananan RNA suke fitowa daga cikinsu, ɗaya ma miR2118 ne yake yanka shi. Bambancin harafi ɗaya tak a kowanne.

Sai dai ƙanwata ga gargaɗi, don a nan ne mutane suke zamewa. Kar ki haddace cewa wane miRNA "na jure zafi ne". miR160 misali, a Arabidopsis da aka ƙara shi 'yan tsirran sun fi jure zafi, amma a auduga masu bincike a Wuhan sun nuna a 2017 cewa ƙara miR160 ɗin nan ne ya sa jakar garin fure ta ƙi buɗewa a zafi, kuma irin audugar da yake jure zafi danne shi yake yi. miR159 na alkama shi ma da aka ƙara shi a shinkafa sai ta ƙara rauni a zafi ga matsalar haihuwa, saboda furotin ɗin GAMYB da yake yanka saƙonsa jakar fure tana buƙatarsa. Abu ɗaya, ganye ya amfana fure ya cutu. Shi ya sa ni duk takardar da ta ce min an ƙara miRNA kaza a duk jikin shuka ta jure zafi amma ba a ƙirga ƙwaya ba, ajiye ta nake a gefe.

Dalibar_Tsirrai ta rubuta:

Kai Allah ya saka da alheri Malam da Anti Dr, yanzu na gane zancen miR398 sarai. To akwai wani abu da na gani wai shuka tana "tuna" zafi, da gaske ne ko salon magana ne kawai? Kuma in gaskiya ne 'ya'yanta suna gadon tunawar? Don in suna gada ai sai a gasa iyaye kadan a samu iri mai juriya ko?

MalamJinetiks ya rubuta:

Da gaske ne, amma ki raba abu biyu. Tunawa a cikin rayuwar shuka ɗaya tabbatacce ne. In kika ɗauki ɗan tsiron Arabidopsis kika jefa shi kai tsaye a digiri 44 zai mutu, amma in kin fara ɗanɗana masa matsakaicin zafi kamar 37 kika bar shi ya huta, to zai iya tsallake mai tsananin ko da bayan kwana 3 ne. A 2014 ɗakin binciken Isabel Bäurle a Jami'ar Potsdam ta Jamus ya nuna cewa miR156 yana cikin masu riƙe wannan tunawar, zafi yana ɗaga shi kuma ba ya sauka nan take, yana danne wasu furotin masu ba da umarni da ake kira SPL, hakan yana barin ƙwayoyin gadon kariya irin su HSA32 su ci gaba da aiki kwanaki bayan zafin ya wuce. Tsirran da aka raunana musu AGO1 ko DCL1 kuwa tunawar ta yi rauni.

Abin da ya sa nake son wannan misalin shi ne miR156 ɗin nan dai shi ne mai riƙe shuka a ƙuruciya, yana da yawa a ɗan tsiro yana raguwa in shuka tana girma, sai ya ragu SPL suke samun damar kai ta ga fure. To kin ga ma'anar, zafi ya zo shuka ta ce bari in ɗan jinkirta girma in ga abin da gobe za ta kawo. Amma kuma nan ne tsadar take, akwai wata masara da ake kira Corngrass1 wadda miR156 ya yi mata yawa, sai ta zama duhun ganye da rassa kamar ciyawa babu abin kirki a kai. A ciyawar dabbobi ta alfalfa an gwada ƙara shi a Kanada an ga ƙarin juriyar zafi, kuma can ganyen ake so dama, amma a hatsi lissafin daban ne.

Zancen gado kuwa ki bi a hankali, gasa iyaye ba hanyar samun iri mai juriya ba ce da za a dogara da ita, yawancin irin wannan tunawar gogewa take kafin ta kai ga 'ya'ya. Hasali ma wani aikin ƙananan RNA shi ne su hana zafi barin tabo a zuriya. A cikin DNA akwai wasu guntaye masu iya kwafar kansu su koma wani wuri, yawanci siRNA masu harafi 24 ne suke sa a rufe su. Akwai ɗaya mai suna ONSEN da zafi yake tayarwa, a 2011 masu bincike a Janeba suka nuna cewa a shuka mai lafiya yana tashi amma ba ya samun shiga sabon wuri a 'ya'ya, a wadda aka lalata mata hanyar siRNA kuwa sai ga shi ya dasa kansa a sababbin wurare a zuriyar, har ƙwayoyin gadon da ya sauka kusa da su suka koma masu amsa zafi.

Abokin_Manoma ya rubuta:

To na ji, zancen shinkafar Sin din nan ya dan sauko da ni gaskiya. Amma Anti Dr wancan ai sa'a aka yi aka tsinta a gona. Ni abin da nake tambaya, da gangan, an taba taba wani miRNA aka fitar da iri? Kuma na ji ana fesa RNA yanzu kamar maganin kwari, ba za a iya fesa na zafi ba in an ga hasashen yanayi ya nuna za a yi kuna?

Dr_Bununi ta rubuta:

Na feshi tukuna. Eh akwai shi, a Disambar 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa Calantha rajista, RNA ne mai zare biyu da ake fesawa a ganyen dankalin turawa, ƙwaron da ke cin ganyen ya haɗiye shi sai ya kashe masa wata ƙwayar gado da ba ya rayuwa sai da ita. Amma lura, can ƙwaron ne yake ci daga saman ganye, ba sai RNA ɗin ya shiga cikin sel ɗin shuka ba. Na zafi kuwa dole ya ratsa kakin da ke kan ganye da bangon sel, ya isa jakar fure da ke ɓoye, a daidai kwanakin da ake buƙata, ga hasken rana da ruwan sama suna lalata shi. Wannan nesa yake ba kusa ba, duk wanda ya kawo maka kwalba yau ya ce RNA ne na maganin zafi kar ka saya.

Na iri kuma, misalin da ya fi ƙarfi ba na zafi ba ne, na yawan amfani ne. A 2010 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Sin ɗaya a Japan, suka bayyana wata ƙwayar gado ta SPL a shinkafa mai suna OsSPL14, wadda ake kira IPA1. A wani nau'inta harafi ɗaya ne ya canza a daidai inda miR156 yake kamawa, sai kamun ya yi sako-sako, shukar ta rage rassa marasa amfani, kara ya yi kauri, zangarniya ta ƙara ƙwaya, kuma masu kiwon iri a Sin sun yi aiki da wannan ƙwayar gadon. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne ba a cika miRNA ɗin aka yi ko aka cire shi ba, ɗan sassauta kamunsa a kan saƙo ɗaya aka samu. Irin wannan ne nake ganin zai yi aiki a zafi, kuma kayan aikin suna nan, da CRISPR, wato dabarar gyara DNA, ana iya taɓa wurin kamun ko wurin da ke kunna miRNA ɗin, akwai kuma STTM da aka ƙirƙiro a 2012 wanda yake tsotse miRNA guda ya hana shi aiki, ana iya sa shi ya kunnu a fure kaɗai.

Kuma ba dole sai an sauya halitta ba Yaya. Akwai tsohuwar shinkafar Indiya N22 da aka daɗe da sanin tana cika ƙwaya a zafin da ke ƙona wasu, masu bincike suna kwatanta ƙananan RNA ɗinta da na nau'ukan da ba sa jurewa, in aka tabbatar da wani bambanci a DNA sai ya zama alamar da mai kiwon iri zai bi yana zaɓe ta hanyar aure na yau da kullum.

Dalibar_Tsirrai ta rubuta:

Anti to in zan yi dan karamin aikin bincike a kan wannan, ta ina kike ganin zan fara? Kayan aikinmu ba su da yawa, injin qPCR mai auna yawan DNA ko RNA ne kawai muke da shi.

Dr_Bununi ta rubuta:

qPCR ya ishe ki farawa ƙanwata, akwai hanyar stem-loop da aka tsara musamman don auna guntaye irin waɗannan. Ki ɗauki amfanin gona ɗaya, nau'i biyu, mai jurewa da mara jurewa, ki zaɓi miRNA uku ko huɗu kawai, ni da zan ce miR156, miR159, miR160 da miR398, jerin haruffansu yana shafin intanet na miRBase kyauta. Kar ki tsaya a ganye, ki ɗebi jakar fure daban, kuma kowane miRNA ki auna shi tare da saƙon da yake yankawa, don in ya hau amma saƙon bai sauka ba to ba ki nuna komai ba tukuna. Ki rubuta zafin da ke daidai kan furen ba na ɗakin ba, ki tabbata ƙasar tukwanen ba ta bushe ba don kar ƙishirwa ta gauraya miki da zafi, samfurin kuma ya daskare nan take da kin cire shi saboda RNA ba ya jira. Sannan ki bar wasu tukwanen su kai girbi ki ƙirga ƙwayar da ta cika da wadda ba ta cika ba a kowace zangarniya. In kin tsara jadawalin ki turo nan mu duba tare kafin ki shuka.